Don Allah a taimaka min da kalmomin labarin ƙasa na ɗan Adam, haddar ta ƙi yi min amfani

Ɗalibar_Aji_Ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah taimako nake nema wajen duk wanda ya karanci jogirafi ko yake koyar da shi. Wannan semistar muka fara kwas ɗin labarin ƙasa na ɗan Adam, wato ɓangaren da ba na duwatsu da koguna da iska ba, na mutane ne da yadda suka zauna a doron ƙasa. Ni tun farko na ɗauka abin hadda ne kawai, na zauna na haddace ma'anar kalmomi sun kai arba'in, cunkoson jama'a, rarrabuwar jama'a, ƙaura, bunƙasar birane, yanki, iyaka, duk na zuba su a ka, ko daga barci aka tashe ni zan karanto su. Toh sai ga tes ya zo da tambaya ɗaya tak, wai ƙasar Masar faɗinta kusan murabba'in kilomita miliyan 1 ne mutanenta kuma sun haura miliyan 100, in an raba mutum ɗari da 'yan kai ne a kowane murabba'in kilomita, to don me ake cewa Masarawa a matse suke? Na rubuta ma'anar cunkoso tsaf yadda take a takardar lakca, na sake yin lissafin ya fita daidai, na miƙa ina murna. Da takardar ta dawo sai na ga malamin ya zagaye amsar tawa gaba ɗaya da jan biro, a gefe ya rubuta "A ina?" shikenan, maki 3 cikin 10. Wallahi tun ranar takardar na cikin jakata ina ciro ta ina kallo, ban gane inda na kauce ba, ga jarrabawa saura sati uku. Ina son kwas ɗin nan har cikin raina ba don maki kawai ba, amma kalmomin sun ƙi haɗuwa min wuri ɗaya. Wani ya warware min don Allah.

Malam_Mai_Alli

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki karaya, malamin naki bai zalunce ki ba, a kalmomi biyun nan ya miƙa miki kwas ɗin gaba ɗaya. Na daɗe ina koyar da wannan fanni kafin na yi ritaya, kuma abin da nake fara rubutawa a allo ranar farko tambaya biyu ce: a ina, kuma me ya sa a nan ɗin ba wani wuri ba. Duk kalmomi arba'in ɗin da kika haddace kayan aikin amsa waɗannan tambayoyin ne.

Ɗauki Masar ɗin. Lissafinki daidai ne, amma lissafin ya ɗauka kamar an barbaza mutane ne ko'ina daidai wa daida kamar an watsa iri a gona. Ba haka suke zaune ba. Kusan kashi 95 cikin 100 na Masarawa a gaɓar kogin Nilu suke da inda ya rarrabu kafin ya faɗa teku, wurin da bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na ƙasar ba, sauran hamada ce. Ki nemi hoton Masar da tauraron ɗan Adam ya ɗauka da dare, za ki ga wani siririn zare na haske ya taho daga kudu, ya zo Alƙahira ya buɗe kamar mafici, dama da hagu duhu ne ƙirin. Wannan shi ne bambancin cunkoso da rarrabuwa. Cunkoso lamba ce, mutum nawa a fili kaza. Rarrabuwa kuma siffa ce, sun taru ne wuri guda, sun jeru ne a layi, ko sun warwatsu. Kin ba shi lamba, shi kuma siffa yake nema.

Shi kansa cunkoson ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda kika yi, a raba mutane da faɗin ƙasa duka har da hamada da dutse. Akwai kuma wanda ake raba mutane da ƙasar da ake iya nomawa kaɗai, wannan in kika yi wa Masar sai lambar ta tashi zuwa dubbai, kuma ita ce ke gaya miki nauyin da ke kan gona. Mongoliya kusan mutum 2 ne a murabba'in kilomita, a takarda kamar ba kowa, amma kusan rabin mutanen ƙasar a babban birnin Ulanbato suke. Bangaladash kuwa ta haura mutum 1,000 a murabba'in kilomita, ita cunkoson nata na gaske ne kusan ko'ina, don ƙasa ce ta bakin manyan koguna mai albarkar noma. Abin da ya canza amsar a duk waɗannan shi ake kira ma'auni, wato daga wane nisa kike kallo, daga matakin ƙasa, ko lardi, ko unguwa. Abin da yake gaskiya a matakin ƙasa yana iya zama ƙarya a matakin unguwa.

Bari in ba ki labarin da ya sa ni kaina na so fannin nan. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, mutum sama da 600 suka mutu. A lokacin yawancin likitoci sun yarda gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Wani likita John Snow ya bi gida-gida yana tambaya wa ya mutu, a wane gida, kuma ina suke ɗiban ruwa. Sai ya ga mace-macen sun taru ne kewaye da famfo ɗaya a titin Broad, ya je ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Daga baya ya fitar da taswira, kowane mamaci ɗan baƙin layi a ƙofar gidansa, kina kallo za ki ga layukan sun yi tsibi kusa da famfon suna raguwa in an yi nisa. Da ya tsaya kan adadin waɗanda suka mutu a Landan kawai da babu abin da zai gani.

Sai kalmomi biyu da ɗalibai ke yawan rikitawa, mazauni da matsayi. Mazaunin gari shi ne ainihin ƙasar da yake kai, tudu ne ko fadama, akwai ruwa ko babu. Matsayi kuwa shi ne inda yake dangane da sauran wurare. Singafo ɗan tsibiri ne da ko ruwan sha sai ya sayo wani daga Malesiya, mazauninsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma yana bakin mashigin Malaka inda jiragen ruwa tsakanin tekun Indiya da gabashin Asiya ke bi, shi ya sa Turawan Ingila suka kafa tasha a wurin a 1819, kuma matsayin nan ne ya ɗaga shi.

Yaya_Mai_Lissafi

Ƙanwata sannu, Malam ya gama da ɓangaren wuri, ni bari in taɓa na lambobin jama'a tunda aikina kenan kullum. Abu na farko ki riƙe, adadin haihuwa da adadin mutuwa ana ƙirga su ne a kan kowane mutum 1,000 a shekara, in kin cire na mutuwa daga na haihuwa abin da ya rage shi ne ƙaruwa ta asali, ba a sa masu shigowa da masu fita a ciki. Sannan akwai matsakaicin 'ya'yan da mace ke haifa a rayuwarta, wannan daban ne kada ki haɗa su, in ya kai 2.1 to jama'a na maye gurbin kanta ne kawai, biyu na uwa da uba, ɗan ɗigon da ke sama kuma na yaran da ba su kai girma ba da kuma cewa maza sun ɗan fi mata yawa a haihuwa. Koriya ta Kudu nata ya faɗi zuwa 0.72 a 2023, ki yi tunanin abin da hakan ke nufi ga makarantun firamare nan da shekara goma.

Ga wata dabara da za ta cece ki a jarrabawa, in an ba ki saurin ƙaruwa ki raba 70 da shi, amsar ita ce shekarun da jama'a za ta ninka. Kashi 2 a shekara, shekara 35 kenan. Kashi 1, shekara 70.

Abin da nafi so ki gane shi ne sauyin yanayin jama'a mai matakai huɗu ɗin nan, wato yadda ƙasa ke tashi daga yawan haihuwa da yawan mutuwa zuwa ƙarancinsu duka biyu, don nasan kin haddace shi, amma kin taɓa tambayar kanki me ya sa yawan mutanen duniya ya yi tsalle haka? Sai wajajen 1804 duniya ta kai biliyan 1, biliyan 2 a wajajen 1927, a Nuwamba 2022 kuma aka cika biliyan 8. Yawancin mutane za su ce haihuwa ce ta ƙaru, alhali ba ita bace, mutuwa ce ta ragu. Da can ana haihuwa da yawa ana binnewa da yawa musamman jarirai, sai ruwa mai tsabta da rigakafi da wadatar abinci suka zo mutuwa ta faɗi da sauri, haihuwa kuwa ba ta faɗuwa rana ɗaya don iyaye sai sun ga da idonsu cewa yaran na rayuwa, sai yara mata sun shiga makaranta, sai an koma birni inda ɗa kashe kuɗi ne ba hannun aikin gona ba, wannan ratar da ke tsakanin faɗuwar mutuwa da faɗuwar haihuwa ita ce duk labarin. Warren Thompson ne ya fara tsara abin a 1929 daga tarihin ƙasashen Turai da makamantansu, shi yasa ba kowace ƙasa yake yi wa daidai ba, ki faɗi hakan in an tambaye ki.

Sai dalar shekaru, zanen nan da yara ke ƙasa tsofaffi a sama, maza gefe mata gefe. Ki koyi karanta shi kamar fuska. Na Japan gindinsa ya tsuke samansa ya kumbura don kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65. Na Katar gefen maza masu ƙarfin aiki ya yi wani irin tsini, maza sun ninka mata fiye da sau biyu saboda ma'aikatan da ke shigowa daga waje ba tare da iyali ba. Kuma nan akwai tarko, adadin mutuwa na Japan ya fi na Katar nesa ba kusa ba, ba don asibitin Japan ya lalace ba, don kawai ita cike take da tsofaffi. Lamba ba tare da an san su waye a cikinta ba tana ɓatar da mutum sosai.

Sarkin_Gardama

Malam da Yaya Allah ya ƙara basira amma ni fa ina ganin ana wahalar da abin ne kawai, ai misalin Masar ɗin ma ya nuna komai, inda ruwa yake nan mutane suke, inda babu ruwa babu kowa, ƙasa ce ke juya mutum ba mutum ke juya ƙasa ba, wanda aka haifa a wuri mai kyau ya ci gaba wanda aka haifa a hamada ko cikin zafi ya sha wuya shikenan magana ta ƙare. Kuma wancan bature Malthus da ake ta zagi ni banga ƙaryarsa ba, mutane na ƙaruwa ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, gonar da mutum biyu suka gada in ta koma hannun jikoki ashirin dole a ji a jika, yau ko gobe abinci zai gaza. A gyara min in na yi kuskure.

Malam_Mai_Alli

Ɗana ka kyauta da ka kawo wannan, don ita ce tsohuwar gardamar fannin kuma tana fitowa a jarrabawa. Abin da ka faɗa sunansa ra'ayin cewa muhalli ne ke yanke hukunci. Ba sabo ba ne, Ibn Khaldun ma a Muƙaddima a 1377 ya yi magana kan yadda yanayi ke shafar halayen mutane. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 Friedrich Ratzel a Jamus da ɗalibarsa Ellen Semple a Amurka da Ellsworth Huntington suka ba shi ƙarfi. Abin da ya sa nake ƙin sa har zuciyata shi ne aikin da aka yi da shi, da shi aka riƙa cewa mutanen ƙasashe masu zafi ragwaye ne tun asali don haka ya dace a mulke su. Kuma ko ka ajiye wannan, hujja ma ba ta goyon bayansa. Dubi Koriya ta Arewa da ta Kudu a hoton dare, zirin ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, yanayi kusan ɗaya, ɗaya haske ɗaya duhu, bambancin layin da aka ja ne a 1945 da irin mulkin da ya biyo baya. Dubi Holan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da matakin teku, sun yi shinge sun zuƙe ruwa har suka samu sabon lardi sukutum, Flevoland, a 1986. Irin wannan ne ya sa Vidal de la Blache na Faransa da ɗalibansa suka ce muhalli zaɓi yake shimfiɗawa, mutum ke ɗauka gwargwadon iliminsa da kayan aikinsa da tsarin zamansa.

Amma ba zan ce ba ka da gaskiya sam ba. Jakarta na nutsewa saboda yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma yana cikin dalilan da suka sa Indunusiya ta fara gina sabon babban birni a tsibirin Borneo. Ƙasa na da iyakarta, wanda ya raina ta zai biya.

Malthus kuma a 1798 ya rubuta, ya ce jama'a na tafiya 1, 2, 4, 8, 16, abinci kuwa 1, 2, 3, 4, 5. Abin da bai hango ba shi ne takin zamani da ingantaccen iri irin na Norman Borlaug wanda ya samu kyautar Nobel a 1970, da kuma faɗuwar haihuwar da Yayarku ta yi bayani. Ester Boserup a 1965 ta juya maganar, ta ce matsin jama'a ne ma ke tilasta wa manomi ya sake dabara, ya daina barin gona ta huta shekaru, ya koma taki da ban ruwa da noma sau biyu. Gonar jikoki ashirin ɗin nan taka, tambayar ita ce za su noma ta yadda kakansu ya noma, ko wasu za su canza noman wasu su tafi birni. Sannan Amartya Sen da ya bincika yunwar Bengal ta 1943 ya nuna ba rashin abinci a ƙasa kawai ne ya kashe mutane ba, tsada ce da rashin abin saye, abinci na nan amma bai kai bakin talaka ba.

Baƙuwar_Zaure

Ni ɗalibar aji uku ce, abin da ya kusa kayar da ni a wannan kwas ɗin kalmomin ƙaura ne don a baki duk ɗaya muke kiransu. 'Yar uwa ki raba su tun yanzu. Mai ƙaura shi ne duk wanda ya canza wurin zama, cikin ƙasa ko waje. Ɗan ci-rani yana tafiya ne na wani lokaci ya dawo. Ɗan gudun hijira a ma'anar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 sai ya tsallaka iyakar ƙasarsa, kuma tsoron tsangwama ne ya kore shi saboda launin fata ko addini ko asali ko ra'ayin siyasa ko wata ƙungiya da yake ciki, wanda ya gudu amma bai fita ƙasar ba sunansa daban a takarda, wanda aka raba da muhallinsa a cikin gida, kuma dokar da ke kare su ba ɗaya bace duk da wahalar ɗaya ce. Sai turi da ja na Everett Lee 1966, abin da ke korar mutum daga nan da abin da ke kiransa can, amma kada ki manta da na tsakiya wato shingayen hanya, kuɗin mota, biza, teku, nisa, ni shi na manta. Yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1852 misali ce mai kyau, kusan miliyan 1 suka mutu wasu kusan miliyan 1 suka fice, kuma har yau tsibirin bai koma miliyan 8 ɗin da yake da su a 1841 ba. Ravenstein tun 1885 ya lura yawancin masu ƙaura ba sa yin nisa, kuma haka aka gani a yaƙin Siriya daga 2011, akasarin waɗanda suka fita Turkiyya da Labanan da Jodan suka tsaya, ba Turai ba kamar yadda labarai ke sa mutum ya zata. Sannan ƙasa daban al'umma daban, Kurdawa al'umma ce amma sun rabu a Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya ba su da ƙasa tasu, wannan ma malamai na son tambayarsa.

Ɗalibar_Aji_Ɗaya

Allah ya saka da alheri Malam, Yaya, da ke 'yar uwa, har da kai Sarkin Gardama don gardamar taka ce ta fito da abin da ban ma san zan tambaya ba. Jiya da dare na nemo hoton Masar ɗin, na daɗe ina kallon zaren hasken nan, na ciro takardar tes na sake rubuta amsar a bayanta, layi shida kacal, na fara da Nilu na ƙare da ƙasar noma. Zan kai wa malamin gobe ya duba in Allah ya yarda. Saura abu ɗaya, takardarmu ta ce wajajen 2007 mazauna birane suka fi mazauna karkara yawa a duniya, to mutum nawa ne ke sa wuri ya zama birni? Na duba littafi biyu kowanne da lambarsa.

Yaya_Mai_Lissafi

Littattafan duka basu yi ƙarya ba ƙanwata, babu lamba ɗaya ta duniya, kowace ƙasa da nata ma'aunin. Denmak mutum 200 in gidajensu na kusa da juna ta ƙirga su a birni, Japan kuwa sai wajen 50,000, wasu ƙasashen ma ba yawa kawai suke dubawa ba har da irin aikin da mutane ke yi, noma ne ko wani abu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara na kowace ƙasa ne yadda ta bayar ta haɗa, don haka in kin rubuta 2007 ɗin ki ƙara layi ɗaya ki ce ya danganta da ma'anar birni da aka ɗauka. In kin kai wa malamin amsar ki dawo ki gaya mana abin da ya rubuta a gefe wannan karon.